Ciwon Kai da Muƙamuƙi Lokacin Jinyar Daji: Abin da Gida Zai Iya, da Inda Ikonsa Ya Tsaya

Wanda ake yi wa maganin ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko wanda aka tura Shika ko Abuja domin gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, kaɗan daga kwanakin jinyarsa yake yi a gaban likita. A ɗaura masa ruwan kemo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, yau, a sallame shi da yamma ko washegari, a ce ya dawo bayan mako uku, kamar yadda jadawalin magunguna da dama yake. Waɗannan makonni a gida zai yi su, a Bolari ko Pantami, ko can Dukku da Nafaɗa inda zuwa asibitin kansa tafiya ce. A can kai ke sarawa da tsakar dare, a can muƙamuƙi ke riƙewa har loma ta gagara, kuma wanda ke kusa a lokacin mata ce, ko 'ya, ko ƙane. Dominsu nake wannan bayani.

Abin da ya fi tayar min da hankali a gidajenmu shi ne yadda muka ɗauki ciwon kai abu ɗaya mai magani ɗaya: a aiki yaro kemis. Ga mai lafiya hakan kan wuce ba tare da komai ba. Ga wanda ke kan kemo ko gashi kuwa, ciwon kai da na muƙamuƙi tushensu da yawa. Wani ruwan sha da barci ke kashe shi, wani sai likita ya taɓa magani, wani kuma sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da rasa rai. Aikin mai jinya na farko shi ne ya gane wanne ke gabansa, kafin hannunsa ya kai ga ƙwaya.

Ba a ganewa sai majinyaci ya faɗa, nan kuma muke da tamu matsalar. An raine mu a kan dauriya. Dattijo kunya yake ji ya yi raki a gaban 'ya'yansa. Ka ce, "Baffa, ya jikin?" ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," alhali tun asuba bai tauna komai ba. Godiya ga Allah tana nan daram, ba ta kuma hana mutum ya nuna inda ke masa ciwo. Sai a sauya tambayar. "Baffa, nuna min wurin da yatsa." "Goggo, sara yake yi, ko zugi, ko raɗaɗi?" "In sifili babu ciwo, goma kuma ciwon da ba ki taɓa jin irinsa ba, yanzu nawa ne?" Da wannan ma'auni na sifili zuwa 10 ma'aikatan jinya suke aiki a asibiti. A samu ɗan littafin makaranta a riƙa rubuta rana, lokaci, wurin ciwon, lambar da ya faɗa, zafin jikinsa da abin da aka ba shi. Likitan da ke da layi har bakin ƙofa zai karanta shafi ɗaya ya fahimci abin da ba za a iya labarta masa a minti biyar ba. Idan majinyacin yaro ne, ko dattijon da ya ƙi magana, ido ne zai yi aiki: yana tauna da gefe ɗaya, yana dafe kunne, ya rage surutu, yana ture kwano.

Da yawa daga ciwon nan maganin ne da kansa ke kawo shi, shi ya sa ya kamata kowane gida ya san sunayen magungunan da ake ɗaura wa majinyacinsa, a roƙi nas ta rubuta su. Akwai binkiristin, wanda ake yawan ba yara masu dajin jini da masu dajin Burkitt. Yakan taɓa jijiya, sai yaro ya tashi da ciwon muƙamuƙi mai tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan allurar, musamman ta farko, haƙoransa kuwa lafiya lau. Yawanci yakan lafa cikin 'yan kwanaki, amma a sanar da likita kafin allura ta gaba, domin yana iya rage yawan maganin. Shi dajin Burkitt, tun da ya shigo zance, likita Denis Burkitt ne ya bayyana shi a 1958 a yaran Uganda, kuma a muƙamuƙi ya fi fitowa. Kumburin fuskar yaro da ke ƙaruwa cikin makonni, haƙora suna girgiɗi, ba hangum ba ne da za a zauna jira, ba kuma ƙurji ba ne da za a yi wa sakiya. Yana daga cikin dajin da ke jin kemo sosai idan an zo da wuri.

Okzaliflatin, na dajin hanji, ba ya shiri da sanyi: kurɓin ruwan firji ko lomar farko kan sa muƙamuƙi ya ɗaure, maƙogwaro ya shaƙe. Kwanakin farko bayan an ɗaura shi, komai a ba da shi da ɗumi. Ondansetiron, da ake bayarwa don tsayar da amai, sananne ne wajen sa ciwon kai da bushewar ciki. Allurar filgirastim, mai farfaɗo da fararen ƙwayoyin jini, tana sa ƙasusuwa zugi. Deksametazon na hana barci, yana ɗaga sukari da hawan jini, kowannensu kuma na iya sara kai. Wanda aka yi wa allura a gadon baya, in ya tashi zaune kai ya sara, in ya kwanta ya lafa, kwanciyar da shan ruwa ne maganinsa na farko, in ya ƙi sauka a koma asibiti. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kada a dakatar da shi a gida don ana zarginsa. A faɗa wa wanda ya rubuta shi.

Akwai kuma sanadin da ke gaban idonmu muke tsallake shi. Mai amai ko gudawa a zafin Maris da Afrilu na Gombe, jikinsa kan bushe kafin kowa ya ankara. Fitsari kaɗan mai duhu shi ne shaida. A riƙa ba shi ruwa kurɓi-kurɓi duk yini, wajen lita 2 in likita bai taƙaita masa ba, da ruwan gishiri da sukari na leda in yana zawo. Ƙarancin jini na sa ciwon kai da jiri da haki, wannan kuma gwajin jini ne ke tabbatar da shi. Wanda ya shekara talatin yana cin goro ko shan shayi mai kauri, ya daina rana ɗaya, kansa zai yi ciwo na 'yan kwanaki. Mai damuwa kan cije haƙora cikin barci ya tashi da muƙamuƙi a gajiye, wa zai ga laifinsa da irin labarin da aka ba shi? Batun azumi kuwa, Suratul Baƙara ta ba marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Ba na ganin alheri a bar mai shan kemo ya yini ba ruwa ba magani don kunyar idon maƙwabta. A tambayi likita, a tambayi malami.

Gyambon baki shi ne ya fi wahalar da mutane. Kemo na kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, fatar cikin baki kuma tana cikinsu. Wajen kwana 5 zuwa 10 bayan ɗaura ruwa sai baki ya yi ja, ya saɓule, raɗaɗin ya bi muƙamuƙi har kunne. Mai gashin kai da wuya, wanda akan yi kwana 5 a mako har mako 6 ko 7, nasa kan fara a mako na biyu ko na uku, ya yi tsanani wajen ƙarshe, ya kuma ɗauki makonni bayan an gama kafin ya warke. Sanin wannan kaɗai yana kwantar da hankalin gida, domin wasu in sun ga baki ya lalace sai su ce maganin ne bai karɓe shi ba, su daina zuwa. Wannan babban kuskure ne.

Abin yi mai sauƙi ne, nacin ne ke da wuya. A tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya da bekin soda ƙaramin cokali ɗaya. In babu sodar, gishirin kaɗai ya wadatar, kada a musanya ta da kanwa. A kuskure baki a tofar bayan kowane cin abinci, kafin barci, da duk lokacin da baki ya bushe, kullum kuma a haɗa sabo. A ajiye asuwaki mai tauri tukuna, a koma buroshi mai laushi irin na yara, a jiƙa shi da ruwan ɗumi. Ruwan wanke baki na kanti mai barasa a ciki ƙara ƙuna yake yi. Leɓe a shafa masa man kaɗanya ko basilin, musamman da hunturu, sai dai mai gashi ya tambayi ma'aikatan gashin tukuna. Idan aka ga farin abu ya lulluɓe harshe da ganda, wannan cuta ce mai maganinta daban, kuskure baki ba zai kore ta ba.

A wajen abinci Allah ya hore mana. Tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, karkashi ko kuka yana wucewa ba sai an tauna ba. Ga kunun gyaɗa da madara, ga alala, ga faten dankali, ga ƙwai, ayaba, gwanda da kankana. A cire barkono da yaji gaba ɗaya, a bari abinci ya huce, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Kunun tsamiya, zoɓo da lemun tsami suna cin gyambo. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, aya da rake su jira. Goro da taba kuwa babu zancensu. Nonon da ba a dafa madararsa ba yana da haɗari ga wanda garkuwar jikinsa ta faɗi, don haka in za a dama fura a tabbatar da inda nonon ya fito. Masu nazarin gyambon baki sun amince zuma na taimaka wa masu gashin kai da wuya, amma mai ciwon sukari ya tambaya tukuna, jariri ɗan ƙasa da shekara 1 kuma ba a ba shi zuma sam. Wata dabara da ke canza yinin majinyaci: a daidaita maganin ciwo ya zama an sha shi kamar rabin sa'a kafin cin abinci.

Gashi yana da wata illa da ke zuwa a ɓoye. Naman da ke buɗe baki kan taurare a hankali, wani lokaci watanni bayan an gama, har mutum ya wayi gari cokali ba ya shiga. Likitoci na kiran baki ya ƙulle idan buɗewarsa ba ta wuce milimita 35 ba. A gida ma'aunin yatsu uku ne: majinyaci ya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. In suna shiga, madalla. In jiya uku yau biyu, a sanar da asibiti. Hana shi ya fi warware shi sauƙi nesa ba kusa ba. A buɗe baki a hankali har a ji ya ja ba tare da zafi mai tsanani ba, a riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, a saki, a maimaita, sannan a kai haɓa dama da hagu. A ɗaura wannan motsa baki a kan salloli biyar, ba za a manta ba. Wanda aka yi wa tiyata a muƙamuƙi, ko dajin ya ci ƙashin, ya jira izinin likitansa.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau: haƙori. Mai ciwon muƙamuƙi zuciyarsa kan ba shi cewa haƙori ne, a cire a huta. Gashi na rage jinin da ke ciyar da ƙashin muƙamuƙi, musamman na ƙasa, kuma wannan rauni ba ya wucewa da gama gashin, yana nan shekaru. Allurar ƙarfafa ƙashi irin Zometa, da ake yi wa waɗanda dajin mama ko na mafitsara ya kai ga ƙashi, ita ma tana hana muƙamuƙi warkewa. A cire haƙori a irin wannan ƙashi, ramin ya ƙi rufewa, ƙashin ya mutu ya fito fili yana ruwa, jinyar da ta fi ta farko wuya. Shi ya sa ake duba haƙora a gyara su kafin a fara gashi ko wannan allura. Kowane likitan haƙori za a je wa, a fara gaya masa tarihin. Wanzami kuma, da duk mutuncin sana'arsa, a dakatar da shi a wannan lokaci: babu cire haƙori, babu ƙaho a ƙeya, babu tsaga a goshi, babu cire beli. Kemo na rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini da masu yaƙi da cuta, ƙaramin yanka na iya zama zubar jini ko ruɓa. Haka nan cusa kanumfari, asfirin ko ruwan batir a ramin haƙori na iya ƙona nama.

Sai ƙwaya. Kafin farasitamol, ma'aunin zafin jiki. Duk gidan da ke jinyar mai kemo ya mallaki nasa, domin tafin hannu a goshi ba ya ba da lamba. Dalilin shi ne, tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai, kuma zazzaɓi kan zama alama ɗaya tilo cewa cuta ta shiga jini. Farasitamol na danne zazzaɓin, gida ya kwanta da murna, cutar na ci. In ma'auni ya nuna 38 ko sama, ko majinyaci yana rawar sanyi, asibiti za a nufa a daren, ba kemis ba. A nan komai zazzaɓin cizon sauro muke ce masa, yana kuma iya zama shi ɗin, amma gwaji ne zai faɗa.

In babu zazzaɓi kuma likita ya yarda da shi, babba kan sha ƙwaya 2 masu miligiram 500, a bar aƙalla sa'a 4 zuwa 6 tsakani, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Wanda ya rame ƙasa da kilo 50 ko mai ciwon hanta, nasa bai kai haka ba, yaro kuma da nauyinsa ake auna masa. A lura cewa Panadol farasitamol ne, magungunan mura da yawa ma akwai shi a ciki, in an haɗa an ninka ke nan, hanta ce za ta biya.

Waɗanda suka fi saurin shiga hannu su ne suka fi haɗari: ibufurofen, diklofenak, Feldene, asfirin, da garin Alabukun wanda asfirin ne a cikinsa. Suna ƙara zubar jini, suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda, ga shi magunguna irin su sisfilatin sun riga sun ɗora wa ƙodar nauyi. Da metotireksat kuwa haɗuwarsu guba ce. Akwai majinyatan da likita ke rubuta wa ɗaya daga cikinsu bayan ya ga gwajin jini, wannan daban. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna, kada ya shigo ɗakin. Jiƙo da garin magani na gargajiya, ko wane masoyi ya kawo, a nuna wa likita kafin a sha. Addu'a da tofi ba sa karo da kowane magani.

Idan farasitamol ya kasa, ba a ce an kai ƙarshe ba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin maganin ciwon masu daji hawa uku: a fara da mai sauƙi, a hau zuwa matsakaici irin kodin ko taramadol, sannan morfin. Ƙa'idarsa ita ce a sha ta baki, a kuma sha bisa agogo, ba sai ciwo ya taso ba. Wannan ne gidajenmu suka fi karyawa. Sai a ɓoye kwalba a ce sai ya matsa, alhali ciwon da ya riga ya hau ya fi wuyar saukarwa. Morfin na ruwa duk sa'a 4 aka saba sha. A nan lokutan salla ba za su yi ba, domin tazarar lisha zuwa asuba ta yi tsawo, a sa ƙararrawar waya.

Na san tsoron da sunan morfin ke sa mutane: wai zai zama ɗan ƙwaya, ko an rubuta ne don an fid da rai. Ko ɗaya ba haka ba ne. Mai ciwo na gaske da ke shan abin da aka auna masa, da wuya ya faɗa shaye-shaye, kuma mutane da dama kan sha shi lokacin gashi, baki ya warke, likita ya janye shi a hankali. Abin da tabbas zai kawo shi ne bushewar ciki, don haka a nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko. Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwanakin farko kan wuce. In barci ya yi nauyi har ba a iya tashinsa, ko numfashi ya ja baya, a garzaya asibiti. A kulle kwalbar inda yara da samari ba sa kaiwa. Taramadol ɗin bayan fage mai lamba 225 kuwa ba magani ba ne a wannan zance: NAFDAC miligiram 50 da 100 ta amince da su, mai yawa kuma na iya jefa mutum cikin jijjiga.

Hannu ma na da nasa taimakon. Tsumma mai ɗumi a gefen muƙamuƙi na minti 15 na sassauta naman da ya ɗaure, mai sanyi a goshi na rage sara, ga ɗaki mai duhu da matashi a ɗaga kai. Sai dai fatar da ake gasawa ba a ɗora mata zafi ko ƙanƙara, ba a murza ta, ba a shafa mata Robb ko Aboniki. A kuma tausaya a rage 'yan dubiya. Zumunci ne, amma mai ciwon kai da ke amsa "ya jiki" tun hantsi har magariba bai huta ba, ga mai mura a cikinsu. Wani babba a gidan ya tsaya a zaure ya karɓi gaisuwa a madadinsa.

Akwai alamun da in an gan su an gama shawara a gida. Ciwon kai da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da bai taɓa ji ba. Wanda ke ƙaruwa kullum, ya fi tsanani da asuba, da amai. Jijjiga, ruɗewa, magana ta karye, gani biyu-biyu, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu. Wuya ya sanƙare da zazzaɓi, mu da muka san sanƙarau a lokacin zafi. Faɗuwa a bugi kai, ko da ba a ga jini ba. Dasashi ko hanci na zubar da jini ya ƙi tsayawa. Fuska da wuya sun kumbura, numfashi ko haɗiyar yawu na wuya. Ƙuraje masu ruwa a gefe ɗaya na fuska, musamman kusa da ido. Haɓa ko leɓen ƙasa ya mutu ba ya jin taɓi. Yini guda ruwa bai wuce maƙogwaro ba. Sai wanda aka fi mantawa: ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji, gumi ko zugin hannun hagu na iya zama zuciya ce, kuma wasu magungunan kemo irin su kafesitabin kan matse jijiyoyinta.

Tun ranar sallama ake shirya wa irin wannan dare. A karɓi lambar da za a kira a sashen da ake jinyar. A ware kuɗin mota a wuri ɗaya, a san mai Keke Napep ko maƙwabci mai mota da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Wanda ke Bajoga, Kumo ko Kaltungo ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi, kada ya ce sai gari ya waye ya kama hanyar Gombe. Katin asibiti, takardar sunayen magunguna da ɗan littafin nan su zauna a leda ɗaya. Da an isa, kafin dogon bayani, a ce wa nas ɗin da ke bakin aiki: "Sista, yana kan kemo, ranar kaza aka ɗaura masa na ƙarshe, zafin jikinsa ya kai 38."